Shinkafar da Ta Yi Funfuna

Itatuwan mangwaro goma sha bakwai na gada a Bomo,
shida binta siga, sauran duk fafaranda.
Bara na kai kwando tara Kwangila.
Wani direban tirela ya gatsa ɗaya a gabana,
ya tofar, ya nuna mini fararen tsutsotsi
suna iyo a gurbin haƙoransa.
Bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
Ya ajiye kuɗinsa a bakin kwando, ya hau mota.

Ban san ranar da ɓarauniyar take zuwa ba.
Ƙuda ce 'yar siririya, mai ɗamarar rawaya,
ta huda fata da tsinin allura,
ta bar 'ya'yanta su ci gumina daga ciki,
waje kuwa sumul, kamar kuncin jariri.

Na sayo magani a Sabon Gari,
kwalba mai hoton ƙoƙon kan mutum.
Na fesa har idona ya yi jajir.
Zumar Barau maƙwabcina ta zube, amya biyu,
bai amsa gaisuwata ba har bayan girbin dawa.
Ita kuwa ƙudar, ko atishawa.

Sai ga Tasalla 'yar Barau, mai karatu a Samaru,
ta sauko daga acaɓa da leda a hannu.
Shinkafa ce, ta yi kore shar da funfuna.
Na ce, yarinya, ubanki ne ya aiko ki da ramuwa?
Tuwon da ya yi haka, ko akuya sai ta kau da kai.

Ta yi dariya, ta durƙusa a gindin bishiya,
ta tona ƙasa da ɗan yatsa.
Ta ce, Baba Jatau, sama kake yaƙi,
alhali a nan suke kwana.
Tsutsa ta ƙoshi, ta faɗo, ta shige ƙasa,
ta fito da fiffike, ta koma maka sama.
A ƙofar ɗakinta za mu yi mata shimfiɗa.

Bayan la'asar muka barbaɗa,
wai rana tana kashe shi.
Ta sa na tsince duk wanda ya faɗo,
na ƙulle a buhu, kada ko ɗaya ya kwana.
Ta sa na riƙa yayyafa ruwa.
Ni, Jatau, mai shekara sittin da ɗoriya,
ina shayar da funfuna kamar dashen barkono,
yara suna leƙe ta kan darni.

Kwana tara, ta kawo gilashi mai ƙara girma.
Na kanne ido ɗaya, na duba.
Ga ta a kwance, ƙafafu a sanƙare,
koren gashi ya tsiro mata ta kowace gaɓa,
likkafanin da ba a saya ba, ba a ɗinka ba.
Ban yi murna nan take ba.
Tsoro na fara ji:
abin da ba shi da baki, ba shi da ƙaya,
ya ci mai fiffike a tsaye.
Raina kama, in ji mutanen da.

Bana ba zan ce an gama ba.
Cikin goma nakan yanka, in tarar da biyu da baƙi.
Gonar Alhaji Shekarau tana hayi, ba ya tsince nasa,
kuma ƙuda ba ta san iyaka ba.
Amma zuma ta dawo furen fafaranda,
Barau ya aiko mini da saƙa a kwanon sha,
bai haɗa da magana ba.

Gobe zan kai kwando Kwangila.
Na ware guda ɗaya, babba, na naɗe a tsumma.
Ban san sunan direban ba,
ban riƙe lambar motarsa ba,
sai dai giɓin da ke haƙoransa na sama.